Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Magina da Masu Gidajen Haya na Katsina a Kan Makewayi da Ƙananan Yara

Assalamu alaikum.

Zuwa ga shugabannin magina da birkiloli, masu aikin famfo, masu sa tayil da masu wayarin na birnin Katsina da kewaye, haɗe da iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi masu gidajen haya. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi maku sannu da aiki, Allah ya sa albarka a nema. Ni uwa ce mai zaman haya. Ban san awon siminti da yashi ba, amma gidajen da kuke ginawa mu ke kwana mu tashi a cikinsu da 'ya'yanmu, shi ya sa muke ganin abin da ku ba ku tsayawa ku gani bayan kun karɓi cikon kuɗinku kun kwashe kayan aiki. Maganata a kan makewayi ce.

Bari in fara da yabo, don kun ci a yaba maku. Duk maginin kirki a garin nan, kafin ya yanka bakin masai ko ya kafa na zama, sai ya ɗaga kai ya tambaya ina gabas, gudun kada mai biyan buƙata ya fuskanci alƙibla ko ya juya mata baya. Ba wani jami'i ke bin ku da takarda a kan wannan ba, kuma ba a ƙara maku ko kwabo saboda shi. Kun gaje shi ne daga iyayen gidanku, kuna kuma koya wa yaranku. Roƙona shi ne ku ɗora tambaya ta biyu a kan waccan, ta zauna a bakinku kamar yadda ta farko ta zauna: akwai ƙananan yara a gidan nan? A Katsina amsar ɗaya ce. Ko gidan amarya ne da aka shafa wa fenti jiya, in Allah ya yarda ba a rufa shekara biyu sai an ga mai rarrafe a tsakar gida. Amma makewayin da za a miƙa masu, komai nasa da babba aka auna, tun daga faɗin rami har tsayin sakata.

Ruwa ya fi tayar mani da hankali, don haka da shi zan fara. Gari ya faɗaɗa, ruwan da ake turowa daga madatsar Ajiwa bai kai kowane lungu ba, da yawanmu da 'yan ga-ruwa da rijiyar burtsatse muka dogara. Tara ruwa ya zama dole a kowane gida. Tun da kuwa magini bai ware masa wuri ba, sai ya ƙare a ƙasan makewayi, cikin baho, ko rabin duro, ko bokitin fenti, wanda ku da kanku kuke bar mana in kun gama aiki, muna ta godiya. Ku ƙare wa bokitin nan kallo. Yana cin lita 20, in ya cika nauyinsa ya kai kilo 20, gindinsa faffaɗa ne, ba ya kifewa da sauƙi. Yaro ɗan shekara ɗaya da 'yan watanni kuwa nauyinsa bai fi kilo 10 ba, kuma kansa ya rinjayi sauran jikinsa. Zai dafa bakin bokitin ya miƙe, ya hango murfin jarka ko soso yana yawo a kan ruwa, ya ɗaga dunduniya ya kai hannu. Da zarar cibiyarsa ta haye bakin bokitin, kai ya yi ƙasa, ƙafa ta yi sama, bokitin yana nan daram. Hannunsa ba shi da ƙarfin da zai turo shi waje. Kuka ma ba zai yi ba, tun da baki da hanci suna cikin ruwa. Uwar tana iya zama a bakin murhu tana tuƙin tuwo, bango ɗaya ne tsakaninsu, ba ta ji ko motsi ba. Ruwan da zurfinsa bai wuce tsawon ɗan yatsa ba ya isa ya yi wannan aika-aika, ƙwaƙwalwa kuma in ta yi minti 4 zuwa 6 babu iska ta fara lalacewa ke nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a watan Disamba na 2024, ta ce kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Mu nan in aka ce ruwa ya ci yaro, hankalinmu yakan tafi kududdufi ko gulbi da damina. Masu rarrafe da masu koyon tafiya ba su kai can. A cikin gida ko a bakin gida abin ke samunsu.

Gyaran a hannunku yake, kuma ba shi da tsada. Ku ɗaga dakali a kusurwar makewayi, bulo uku ko huɗu a tsaye, yadda za a ɗora duro mai murfi a sa masa kan famfo a ƙasa, mai wanka ya tara iya abin da zai yi amfani da shi ya juye sauran. In da rijiya a tsakar gida ko ramin ajiyar ruwa na ƙasa, a ɗaga bakinsa, a sa murfin ƙarfe mai wurin kwaɗo. Faifan kwano da aka danne da dutse ba murfi ba ne.

Sai ƙofa. A gidajen haya da yawa, musamman irin na ɗaki-ɗaki da iyali biyar ko shida ke haɗa makewayi ɗaya, abin da ke bakin makewayin tsohon zane ne ko buhu. In ma an sa ƙyaure, sai a manna sakata daga ciki daidai ƙirjin yaro ɗan shekara uku, daga waje kuwa ba komai. An juya abin ke nan. Daga waje ake buƙatar sakata, can sama inda sai babba zai kai, domin ƙofar ta zauna a rufe duk lokacin da ba kowa a ciki. Ta cikin ita ma a ɗaga ta. Duk wadda ta taɓa tsayawa a bayan ƙofar ƙarfe tana lallashin ɗanta, “ja ta nan, ɗan albarka, a'a, ɗaya gefen”, shi kuwa yana ciki yana tsala ihu ga baho cike da ruwa a gefensa, an aika a kira mai walda ba a same shi ba, ta san abin da nake nufi. Kuma ina roƙon kafintoci da masu walda su riƙa sa ƙyauren ya buɗo waje. Makewayinmu ƙanana ne, wanda ya faɗi a ciki jikinsa ne zai tokare ƙofar da ke buɗewa ciki, yaro ne ko tsoho.

Masu sa tayil, ku yi haƙuri, taku tana da ɗan tsawo. Akwai tayil na bango, akwai na ƙasa, kun fi ni sani. Na bango mai sheƙi ne da sulɓi don ruwa ya zarce, na ƙasan makewayi kuwa mai kaushi ake so. Amma sau nawa ake shimfiɗa ragowar na bango ko na falo a ƙasa, don kada a sake sayen wani kwali, ko don uwargida ta ce wannan ya fi kyau? Mu mata muna da namu laifin a nan, ido ke zaɓar mana. To ku da kuka san aikin ku faɗa mana gaskiya tun a shago: a jiƙa tayil ɗin da ruwan sabulu a goga tafin hannu, in ya zarce a ajiye shi. Ni a ganina tsohon daɓen siminti da ake ja wa tsintsiya tun yana ɗanye ya fi rabin tayil ɗin da ake yayi yanzu aminci ga ƙafar yaro. Sannan a ba ƙasan gangare zuwa magudana. Inda ruwa ke kwanciya nan gansakuka ke fitowa, nan sauro ke ƙyanƙyasa. A kuma kashe kaifin matakala da gefen dakali, domin nan goshi ke sauka.

Kowa ya san yadda muke tsoron faɗuwar makewayi. Yaro na faɗuwa za a ce a yi maza a tofa masa addu'a, wurin ba na wasa ba ne. Addu'a kam ba a barin ta, muna koya masu ta shiga da ta fita tun suna ƙanana, da shiga da ƙafar hagu. Sai dai yaron da ya bugu a kai ya fara amai, ko barci ya riƙa fizgarsa ba lokacinsa ba, ko ya yi jijjiga, ko jini ko wani ruwa ya fito masa ta kunne ko hanci, asibiti za a nufa da shi a lokacin, a yi tofin a hanya.

Yanzu masai, wanda har gobe shi ne a yawancin gidajen cikin gari. Salgar da aka rufe da itace aka bi da ƙasa tana da wa'adi. Gara na cin itacen ta ƙasa inda ido ba ya gani, ruwan Yuli da Agusta ya jiƙa bakin ramin, wata rana sai ta rufta da wanda ke kai. In za a zuba murfin kankare, a sa rodi yadda ya kamata, a ɗaure bakin ramin da bulo, a kuma yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7 kafin a hau. Na ga inda ake zubawa yau, jibi a ce 'yan haya su fara shiga. Bakin ramin kuma kada faɗinsa ya wuce santimita 20. Na sha ganin wanda aka zagaye da gindin bokiti aka yanka, wai don kada a ɓata gefe. Irin wannan ramin, yaro ɗan shekara biyu zai zurma ciki gaba ɗayansa. A yi masa murfi mai dogon mariƙi wanda ya zauna daidai. Akwai kuma kwanon roba da ake kira SATO, ana samunsa a Najeriya, ana dasa shi a bakin masai. Yana da ɗan marfi a ƙasa da ke buɗewa in an zuba ruwan buta ya koma ya rufe da kansa, ba rami a buɗe, ba ƙuda, wari ma ya ragu. Haka bututun iska da ake tsayarwa daga ramin ya zarce rufi, a ɗaure bakinsa da raga. Dabara ce da aka fito da ita a Zimbabuwe tun shekarun 1970, kuɗinta bai wuce na bututu ɗaya ba, amma har yau sai ka zagaye layi guda ba ka ga ko biyu ba.

Kada ku ɗauka wari da ƙuda kawai nake ƙorafi a kai. Ku tsaya a matsayin yarinya 'yar shekara huɗu da dare: ba fitila, ga rami baƙi ƙirin ya fi ƙarfin taka ƙafafunta, kyankyasai suna fitowa daga ciki, an kuma sha gaya mata akwai abin tsoro a wurin. Ba za ta shiga ba. Za ta tsuguna a bakin kwata ko bayan ɗaki, uwar ta kwashe ta watsa a bola, ko ta bari sai da safe. Mutanenmu suna ɗaukar kashin yaro ba shi da illa, alhali ƙwayoyin cutar da ke cikinsa ba su gaza na babba ba, kuma shi ne ya fi kusa da inda ake girki da inda ƙannensa ke rarrafe. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan ta kashe fiye da 3,000, jiharmu na cikin waɗanda suka ji jiki. A watan Nuwamba na 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan jihar nan, ya sa hannu a kan dokar da ta nufi kawo ƙarshen bahaya a fili, a 2022 kuma aka ayyana maƙwabciyarmu Jigawa a matsayin jihar farko da ta cim ma hakan. Ana ta ƙirga gidajen da ke da masai. Ni dai na san gida yana iya samun masai, amma rabin mutanen gidan, wato yaran, ba su taɓa amfani da shi ba. Ƙwan fitila ɗaya, ɗan tagar haske, ramin da ya dace da ƙafarsu, da wurin ajiye fo da wanke shi, su ne za su shigar da su.

A nan ne kuma maganar rijiya ke shigowa. Masana tsafta suna son a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiyar sha. Na san filayen yanzu ba su da wannan faɗin, wani gidan duka-duka bai kai haka ba. Amma ko leƙawa ta katanga a tambayi maƙwabci ina rijiyarsa take kafin a fara haƙa, ai ba ya cin kuɗi. Murfin sokawe shi ma a zuba shi da nauyin da yaro ba zai iya turewa ba, kada a bar shi “sai an samu sarari”. Iskar da ke taruwa a cikin waɗannan ramuka tana sumar da ƙato cikin ɗan lokaci, shi ya sa sau da yawa wanda ya shiga ceto ba da igiya ba shi ma ba ya fitowa.

Masu wayarin, ga taku. Soket ba shi da abin yi a cikin makewayi, makunnin fitila ma a waje ya kamata ya zauna. Na san dalilin da ya sa ake roƙonku ku sa: hita. Da hunturu kowa na son ruwan ɗumi, sai a jefa hita a bokiti a jona. Ga yadda abin ke faruwa. An jona, wuta ta ɗauke, aka manta ba a cire ba, aka shiga wata hidima. Can an jima aka dawo da wuta, ba wanda ya lura, yaro ya zo ya tsoma hannu. Wutarmu mai ƙarfin bolt 230 ce, ga jiƙaƙƙen hannu, ga ƙafa ba takalmi a jiƙaƙƙen ƙasa. Fis da abin yanke wuta na yau da kullum waya suke karewa daga ƙonewa, kafin su motsa mutum ya riga ya tafi. Akwai na'urar da ke datse wuta nan take in ta fara zurarewa ta jikin mutum, wadda aka saita a kan miliamfiya 30. Ku riƙa sa ta a lissafin kayan da kuke ba mai gida, ku bayyana masa amfaninta, ku kuma daina tsallake wayar da ake binne ƙarfenta a ƙasa don a rage kuɗi. In an kafa tukunyar dafa ruwa ta bango, a saita ta wajen digiri 50 a bakin famfo. Ruwan da ya kai digiri 60 cikin 'yan daƙiƙu yake saɓule fatar yaro, tasu ta fi tamu laushi nesa ba kusa ba.

Ruwan zafin da ya fi yawa a gidajenmu dai ba na lantarki ba ne, na wankan jego ne. Kwana arba'in ana tafasa ƙatuwar tukunya safe da yamma, a juye a baho, a ratsa tsakar gida da shi zuwa makewayi, a ajiye a koma ɗauko ganyen bedi. Wa ke bin bayan mai ɗauke da bahon? Wanda aka yi wa ƙane, ɗan shekara biyu, da ke neman uwarsa ido rufe, a daidai lokacin da hankalin kowa ya koma kan jariri. Magini ba zai hana wankan jego ba, amma zai iya barin wurin murhu kusa da makewayi da ɗan shinge, ya kuma kauce wa sa matakala a hanyar. Mu kuma namu shi ne mu fara zuba ruwan sanyi kafin na zafi in za mu surka, mu gwada da gwiwar hannu kafin mu sa yaro. In tsautsayi ya faɗa, ruwa mai sanyi na famfo ko na randa za a yi ta kwarara wa wurin har minti 20, a cire rigar in ba ta manne ba, a rufe da tsaftataccen ƙyalle a tafi asibiti. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja ko baƙin mai. Kaskon gawayi da wasu ke shiga da shi makewayi su rufe ƙofa don jin ɗumi, shi ma a bari, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

Magina na zamanin da sukan bar alkuki a jikin bango don ajiye fitila. Ku dawo mana da shi a makewayi, can sama, in da hali da ɗan ƙyaure. Yanzu Hypo da Izal da Harpic da sodar haɗa sabulu da fiya-fiya duk a ƙasa suke zaune kusa da buta, tare da reza, domin ba inda za a ɗora su. Wasu ma an juye su a gorar ruwa ko ta lemo, yaro kuwa gora ya sani. In ya sha irin waɗannan, ko kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. Abin da ya ƙona maƙogwaro wajen shiga zai sake ƙona shi wajen fita, kananzir kuma in ya bi hanyar huhu ya fi ɓarna. A ɗauki yaron da kwalbar abin da ya sha a kai asibiti. Mata 'yan'uwana kuma, a daina gauraya Hypo da Harpic wai don masai ya fi fita, hayaƙin da suke tayarwa guba ne.

Ranku ya daɗe masu gidaje, na san amsoshin, don na sha jin su. Na farko, kaya sun yi tsada. Gaskiya ne, buhun siminti ya zama abin da ya zama. Amma ku lissafa abin da na roƙa: sakata biyu, 'yan bulo, bututu ɗaya, murfi, ƙwan fitila, da canza irin tayil ba ƙara yawansa ba. Duka ba su kai abin da ake kashewa a adon ƙofar gida ba. Na biyu, uwa ta kula da ɗanta mana. Wannan ma gaskiya ne, babu ginin da zai maye idon uwa, kuma yaro ƙarami ba a barinsa shi kaɗai a wurin wanka ko na ƙiftawar ido, ba a kuma bar wa yayarsa 'yar shekara shida amanarsa. Sai dai uwar nan ita ke girki, ita ke wanki, ga goyo, ga 'yar sana'arta, kuma a gidan haya ba ita kaɗai ke shiga makewayin ba. Ita ta juye bokitinta ta kife, maƙwabciya ta bar nata a cike. Dole wata rana ido ya kauce, ranar ce ake son ƙofa ta kasance a rufe. Na uku, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, kuma ku da kanku ba ku barin shagunanku a buɗe da dare ku ce sata ba ta wuce ranarta.

In gyaran ya yi maku nauyi a lokaci ɗaya, ku ba ɗan haya izini ya yi, a cire a kuɗin haya. Da yawa suna so, tsoro suke ji kada a ce sun taɓa gini, ko su gyara a ƙara masu kuɗi da sabuwar shekara saboda gida ya yi kyau.

Ku kuma magina, na san sau da yawa mai gida ne ke cewa a rage rodi, a yi amfani da ragowar tayil, a bar murfin sai gaba. Kuna da baki. Mai gida yana jin maganar magininsa fiye da ta ɗan haya sau goma. In kun ce masa “Alhaji, wannan ramin zai ci yaro, ni ba zan bar shi haka ba”, da wuya ya musa. Yawancinku ba a aji kuka koyi aikin nan ba, a hannun iyayen gida kuka koya, don haka abin da ubangida ya tsaya a kai shi yaransa za su ɗauka. Ina kuma fata masu duba-gari in sun shiga gida su riƙa duba faɗin rami da murfin rijiya, kada su tsaya a shara da kwata kawai.

Abu na ƙarshe, tun da ku ma iyaye ne kuma sau da yawa ku ke kusa in an yi kururuwa a unguwa. Yaron da aka ciro daga ruwa ba ya numfashi, ba a riƙe ƙafafunsa a zazzage shi, ba a danna masa ciki don ruwa ya fito, lokaci kawai ake ɓatawa. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗan ɗaga haɓarsa, a hura masa iska sau 5, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30 ana hura iska sau 2, ana maimaitawa, wani kuma ya nemo abin hawa. Ko ya farfaɗo ya yi kuka, a kai shi asibiti a duba huhunsa. Ƙungiyar agaji ta Red Cross tana koyar da wannan a aikace, kuma zai yi kyau shugabanninku su gayyato masu koyarwa a ɗaya daga cikin tarukanku, a haɗa da matan unguwa.

Ina roƙon shugabannin magina su karanta wannan wasiƙa a taronsu na gaba, masu gidaje kuma su zagaya gidajensu su duba masai da murfin sokawe kafin ruwan damina ya sauka. Inda na yi kuskure a sha'anin aikinku ku gyara mani, inda na yi zafi ku yafe mani.

Wassalam.

Taku,
Wata uwa mai zaman haya,
Katsina.